Kira Daga Kan Gawo

Farkon labarin nan ya kufce mini, sai ku yi mini uzuri. Ba na tuna ranar, kuma fuskokin da ke wurin sun narke mini kamar gishiri a ruwa. Abin da ya saura shi ne, shekarar da aka rufe sabis ɗin waya a ƙasarmu ce, ana tsakiyar girbin gero. Mai son kira sai ya hau tudun da ke arewa da Sabon Birni, ya ɗaga waya sama yana lalubar layin Nijar, wanda mu nan muke ce wa layin Faransa. Ina wurin a inuwar aduwa, ina jiran mai ara mini waya. Kusa da ni Halliru ne, ɗan marigayi Malam Yero, da kwamfuta a cinya, mahaifiyarsa Tasalla na gefensa. Abin da ke ransa kuwa, daga baya ya zubo mini shi gutsure-gutsure, haka kuma za ni ba ku shi.

… kuma sai yau. Duk kwanakin Allah, sai yau. Yau aka ba shi ɗakin, yau kuma Yaya Shafi'u ya ce zai kira.

Ɗakin yana Legas. Bai taɓa taka shi ba. Data santa suke ce masa: ɗakin sanyi, ba taga, injina jere cikin akwatunan ƙarfe suna ƙyafta ido kore. Uku daga ciki aka ara masa, daga azahar zuwa la'asar, yana taɓa su daga nan kan tudu. Ya ɗora musu manhaja, ya gina hanyar sadarwa a cikinsu, hanyar da ba kebul, ba waya, ba abin da hannu zai kama. Wanda ya gina ta, ta tsaya, kamfanin ya ɗauke shi koyon aiki. Wanda ta rushe masa… to, ga gona can tana jira.

Waya ɗaya ce mai layin Faransa ta rage a gidansu, ɗayar tana hannun Shafi'u. Ga ta a kan dutse, ita ke shayar da kwamfutar intanet. Ita kuma Shafi'u zai kira.

Wa ya aike shi? An ce kada kowa ya je gonar bayan Kurawa, ya ce gero ba ya jiran lafiyar gari. Ya je. Mutanen daji sun tare hanya. Saƙo ya iso ta bakin wani mai babur: yana kwance cikin kara, da rai, bayan azahar zai hau gawon gona ya nemi sabis, ya faɗi inda za a tura babur ya ɗauko shi.

Gawon nan. Gawo da ba ya ganye da damina, har yanzu tsirara yake, mutum a kansa kamar ƙuda a nono. Daga nesa ake…

A'a. Manhaja tukuna.

Kira na shigowa, intanet ya yanke. Ya sani, ya gwada. Shi ya sa tun a kan hanya yatsansa ya shiga cikin saitin wayar ya kulle ta, intanet kaɗai, kira ba ya shiga. Mai kira zai ji wata mata tana Faransanci, shi ke nan. Ba kashewa ya yi ba ai. Jinkiri ne. Yanzu zai gama ya buɗe. Mutumin da ya kwana cikin kara ba zai iya jira kaɗan ba?

Injin farko ya karɓi manhaja. Kore. Na biyu yana sha a hankali, sandar tana rarrafe kamar tsohuwa da tulu.

Inna ba ta motsa ba. Ta zauna ta ba wayar gefe, kamar ba ita ta kawo ta ba, tana jan zaren bakin mayafi. Ba za ta tambaya ba. Shafi'u ɗan fari ne. Tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. "Wancan", "ɗan'uwanka", "mai taurin kan nan". A gaban mutane ba ta nuna ta san yana duniya. Tudu kuwa cike yake da mutane, ga matan unguwa, ga tsohon malamin nan yana gyangyaɗi a gindin aduwa. Kunya ta ɗaure mata harshe tun kafin a haifi Halliru, shi dai ya zo ya tarar da ƙullin. Laifinsa ne in ƙullin ya yi masa amfani?

"Abin nan ba ta yi ƙara ba?"

Ga shi. Iyakarta ke nan.

"Ba ta yi ba, Inna."

Gaskiya ce. Wallahi gaskiya ce, ba ta yi ba.

Injin na biyu, kore. Na uku. Yanzu ramuka: tsakanin kowane inji da ɗan'uwansa sai an haƙa hanyar ɓoye, saƙo ya shiga a naɗe ya fita a naɗe, waɗanda ke sama ba su san ya wuce ba. Adireshi, adireshi, lamba… hannu na zufa, allon yana ƙyalli, rana ta hana gani. Hannun mata. Haka Shafi'u yake cewa a gaban abokansa a bakin kasuwar Isa, ya kama tafin Halliru ya ɗaga kamar mai tallar kifi. "Ku taɓa ku ji, jama'a, tafin amarya! Wai aiki shi kai. Kai malam, ina rumbun da kac cika?" Dariya. Har mai tsire ya yi dariya. Rumbun iska, in ji shi. Ƙanena na gina rumbun iska.

To ga rumbun ƙasa can, Yaya. Je ka shiga ka ɓuya.

Astagfirullah. Ba haka… ba nufinsa ke nan ba.

Malamin da ke koya musu ta intanet ya taɓa faɗin wani abu kan yankewar layi. Tun darasin farko. Me ya ce? In layi ya yanke… a'a, ba lokacin tunawa ba ne. Ba ya so ya tuna. Ramin farko ya tashi. Na biyu ya ƙi. Ja. Me ya sa ja? Girman saƙo, ya manta bai faɗaɗa hanyar ba, naɗin ya fi ƙarfin ƙofa. Koma baya. Gyara. Jira.

Yanzu yana hawa, ko? Yana cire takalmi, yana sa waya a baki, ƙaya tana yagar rigar. Shafi'u ya iya hawa. Shi ke hawa ya kakkaɓo wa awakin Baba 'ya'yan gawo, Halliru a ƙasa yana tsinta, ɗan mitsitsi, ƙaya ta shige masa ƙafa yana ihu, Yaya ya diro ya zare ta da haƙori, ya tofa, ya goya shi har gida, yana cewa in ka faɗa wa Inna ka yi kuka na yanke maka kunne. Ƙamshin wuyansa, zufa da hayaƙi…

Kore. Ramuka duka kore.

Zai kira ya ji Faransanci, ya ce sabis ne. Zai ƙara hawa reshe na sama. Haka kowa ke yi, in bai shiga ba ka ƙara sama, ka miƙa hannu. Farar riga ya sa ko shuɗiya? Wace riga ya fita da ita? Inna ta sani. Ba za a tambaye ta ba.

Ai yana da hankali, zai sauko. Ya jira la'asar ya sake. Babba ne. Kullum shi ne babba, shi ya san daji, shi ya san sama, shi ya san ranar shuka, shi Baba ya kira a gadon mutuwa ya riƙe wa hannu, Halliru yana bakin ƙofa da buta. To mai sanin komai ya san wannan ma.

Suwic na farko, mahaɗar layuka, wanda babu shi a ko'ina sai a cikin tunanin injin. Ya ba shi suna. Na biyu. Rauta a tsakani, mai nuna wa saƙo hanya. Dubi yadda suke fitowa, tsaf, ba ƙura, ba wanda ya tare su ya ce ku sauka. Gari guda yake ginawa da yatsu: unguwa nan, unguwa can, titi a tsakiya. A garin nan shi ne hakimi. Wanda ya ce ya wuce, ya wuce.

Wata mata a can gefe ta samu layi, tana ihu cikin waya, "Kuna lahiya? Kuna lahiya? Ku yi magana da ƙarhi!" Inna ta juya ta dube ta. Kallon mai azumi ga mai shan ruwa. Ta mai da ido kan mayafi.

"Rana ta yi sanyi," in ji ta. Ba da kowa take ba.

Ya ji. Ya san me take nufi. Ta faɗa mana! Ta buɗe baki ta ce Shafi'u, ta ce ɗana, ta ce Halliru ajiye wannan allon ka duba mini wayar. In ta faɗa, zai buɗe. Wallahi zai buɗe. Sau ɗaya a rayuwa ta kira sunan, a gaban matan nan… Ba za ta iya ba. Wanda ba a kiran sunansa shi ne a zuciya. Wanda ake kira safe da yamma, Halliru ɗebo ruwa, Halliru kore awaki, shi na aike ne. Ya daɗe da gane wannan lissafin. To ta riƙe kunyarta, shi ya riƙe wayarsa.

Saura katanga. Dokar farko a aikin nan: a hana kowa, sannan a buɗe wa wanda aka sani. Ya rubuta. Hana duka. Yatsan ya tsaya a sama… danna. Sannan ƙofa ɗaya, daga wannan unguwa zuwa waccan. Ita kaɗai.

Ladan ya fara daga cikin gari, iska na kawo shi guntu-guntu. La'asar. Lokaci ya kusa cika. Gwajin ƙarshe: ƙaramar kwamfutar da ke unguwar farko ta yi wa ta biyu sallama, a ga ko za a amsa.

Sallama. Shiru.

Sallama. Shiru. Ya Allah. Ya Allah, kada Ka… wa yake roƙa wa? Tun azahar bai roƙa wa kowa komai ba, sai yanzu, sai wannan?

Amsa.

Amsa, amsa, amsa, suna gangarowa layi bayan layi. Ta tsaya. Hanyar ta tsaya. Rumbun iska ya tsaya da ƙafarsa, Yaya, zo ka gani, zo ka taɓa tafin…

Wayar da zafi kamar an ciro ta daga murhu. Saiti. Buɗe. Sabis ya ɓace, ya dawo. Sai ta fara rawa a hannunsa. Ta tsaya, ta sake. Ta sake. Saƙonnin kamfanin layi ne, da Faransanci, iri ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da lambar Yaya, wadda ya haddace tun tana sabuwa. Ba ya jin Faransanci, amma wannan kowa a bakin iyaka ya san shi: an neme ka ba a samu ba. Tun bayan azahar kaɗan. Suna matse da juna da farko, kamar mai buga ƙofa da hannu biyu. Sannan tazara. Sannan ɗaya shi kaɗai. Daga nan babu.

Inna ta matso. Ba ta taɓa matsowa haka ba, har yana jin numfashinta.

"Mi tac ce?"

"Talla ce, Inna. 'Yan Faransa ne da tallarsu."

"Duk wagga talla?"

"Haka suke."

Ta dube shi. Ta daɗe. Ta koma inda take, ta kama zaren mayafin.

Ya danna lambar. Matar nan ce, da muryarta mai sanyi, tana faɗa masa abin da ta yini tana faɗa wa wani. Ya sake. Ita ce. Batir ne ya ƙare, ko ya sauko ya kashe don kada ta yi ƙara cikin kara, ai mai hankali haka zai yi, ko kuwa… A allon kwamfuta amsoshin ba su daina gangarowa ba, bai tsayar da su ba, amsa, amsa, amsa. Ya rufe allon ne, ko ya bar shi? Wace riga ya sa?…

Nan maganar Halliru ta tsinke, ban kuma matsa masa ba. Shafi'u dai a gindin gawon aka same shi bayan hanya ta buɗe, ba takalmi a ƙafarsa, Allah Ya jiƙansa. Wa ya gano shi, wa ya yi masa sutura, duk sun tafi daga kaina. Ina ganin kamar an yi yayyafi ranar, amma kada ku riƙe ni a kan wannan. Tasalla har yau ba ta kira sunan ba.

Abu ɗaya ne na bi sawunsa, don ya hana ni sukuni. Da na je Sakkwato ganin likitan ido, na sa jikata Radiyya ta haɗa ni da wani da ke koyar da irin wannan aiki, na tambaye shi: in mutum yana tsakiyar gwajin nan layinsa ya yanke, me ke faruwa da ginin? Ya ce ba komai, Baba. Aikin a can cikin injinan yake, ba a hannun ɗalibi ba. In ya dawo zai tarar da shi inda ya bar shi. Ya ce wannan tun a darasin farko ake faɗa musu.