Safiyo Yana Nan

Da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Yaya ya raba aiki. Shi ya ɗauki takardun gida da na mota, ya bar wa Auta ɗakin mahaifinsu.

"Ke ce mai haƙuri da tarkace," ya ce. "Ki kwashe, ki share. Yarana sun girma, ɗaki ɗaya suke cushe kamar ashana."

Auta ma'aikaciyar asibiti ce, tana ɗaukar hoton ƙashi. Idan ta tashi aiki da la'asar sai ta biyo ta gidan, ta karɓi mabuɗi wurin matar Yaya, ta shiga. Ɗakin yana nan yadda aka fitar da Baba daga cikinsa. Ga faffaɗan teburin da ya yi aikin safiyo, na awon ƙasa, a kansa har ya yi ritaya, ga fitila mai lanƙwasasshen wuya, ga kundayen kan sarkin wasiƙa jere a kan kanta, kowanne da sunan ƙasa a ƙeyarsa. Warin tsohuwar takarda da man zafi bai fita ba.

Hotunan iyali ta je nema da ta kunna tsohuwar kwamfutarsa. Na'urar ta yi gurnani, ta buɗe wani shafi da kanta: zauren masu tara kan sarki, inda mutane daga ƙasashe daban-daban suke ɗora hoton wanda suka kasa ganewa, a taya su dubawa. A kusurwar sama an rubuta Safiyo, kuma wani ɗan ɗigo kore ya kama kusa da sunan, alamar mai sunan ya shigo. Kafin ta ja kujera, saƙo ya shigo.

"Safiyo ya dawo! Tsoho, ina ka shiga? Mun ɗauka ka yi sabon aure ka manta da mu."

Mai saƙon yana kiran kansa Likitan Shanu, kuma shi ne mai kula da zauren. Auta ta ɗora yatsu za ta rubuta masa gaskiya. Sai idonta ya faɗa kan dokokin da aka liƙa a saman shafin. Ana gaisuwa kafin tambaya. Ba a tambayar farashi. Ba a gyara wa mutum kuskure a bainar jama'a, sai a bi shi ta gefe. A can ƙasa kuma aka ce idan ɗan zaure ya rasu, iyalinsa su sanar, za a rufe sunansa, ba mai ƙara shiga da shi.

Ta janye hannunta. Ta ce bari dai ta fara karanta abin da Baba ya rubuta tukuna.

A gida Baba mutum ne da ake ƙirga maganarsa. Ranar da ta kawo masa sakamakon jarrabawarta ta ƙarshe, dubawa ya yi, ya ce, "To, madalla," ya miƙo mata. Amma a nan ga shi yana zuba kamar famfo. Yana yi wa wata Malamar Lissafi tsiya a kan ta rikita hoton sarauniya da na 'yarta. Yana bin wani sabon shiga a hankali, yana nuna masa shafin da ake ɗora hoto ya kawo masu kama da shi, da shafin da aka jera kan sarkin duniya ƙasa-ƙasa, shekara-shekara, da wanda ake gane hatimin gidajen wayar da aka daɗe da rushewa. Kowa ɗan'uwa ne a bakinsa. Kuma kowace amsa da abu ɗaya yake rufe ta: "Idan na kauce, a ja mini kunne."

Ta karanta har matar Yaya ta leƙo ta ce magariba ta yi. Da za ta kashe, ta rubuta wa Likitan Shanu, "Jiki ne ya ɗan taɓa ni. Da sauƙi."

Ba ta yi niyyar wuce wannan ba. Amma washegari tambayoyi na jiran Safiyo, an kira sunansa a ciki, kuma a zauren nan ba a barin mai tambaya a tsaye. Ta sauke hoton farko, ta kai shi shafin da yake nuna wa sababbin shiga, ta sami mai kama da shi, ta duba ƙasa da shekara. Ta rubuta amsar da irin kalmominsa. Mai tambayar ya dawo ya yi godiya, ya yi wa Safiyo fatan tsawon rai. Auta ta daɗe tana kallon wannan fatan.

Haka ta zama aikinta na yamma. Kwalayen da ta kawo don kwashe kaya suna jingine a bango, ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Ke da kika ce kwana biyu?" in ji Yaya, yana tsaye a bakin ƙofa da sukudireba a hannu. Gyaran firji da fanka ne sana'arsa, tsakar gidan kullum cike da gawarwakinsu.

"Kayan da yawa, Yaya."

"Ko gam ɗin bayan kan sarkin nan kike lasa ne? Na ga kin fara ƙiba."

"Ka ba ni lokaci."

"Lokaci nawa ne? Mutumin nan fa ba dawowa zai yi ya duba ko kin jera daidai ba."

Ta juya ga kwamfutar. Ya tsaya jim, ya koma wurin firjinsa.

Ta yi kuskure, ba sau ɗaya ba. Akwai kan sarkin da suke kama ɗaya a ido, bambancinsu yana cikin yawan haƙoran gefe, ko kaurin takarda, abin da shafin hoto ba ya gani. Ba wanda ya taɓa faɗa mata a fili. Malamar Lissafi ce take biyo ta ta gefe: "Safiyo, ciwon ya taɓa idon ne? Sake ƙirga haƙoran nan, ni ban ce komai ba." Auta ta gyara, ta yi godiya, ta mayar da tsiya yadda Baba zai mayar. Tsiyar tana zuwa mata da sauƙin da ya fara ba ta tsoro.

Wata rana matar Yaya ta tura ƙofar da ƙarfi, fuskarta a firgice, kwanon wanke-wanke a hannu.

"Ke kaɗai ce a nan?"

"Da wa kuma?"

"Wallahi gyaran muryar Baba na ji. Irin wanda yake yi sau biyu ɗin nan, kafin ya juya shafi."

Auta ta duba kanta. Ta zame a kujera, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ta tura tabarau saman goshi, zaman Baba sak. Ba ta san lokacin da ta yi gyaran muryar ba.

"Ƙura ce ta shaƙe ni," ta ce.

"To ki riƙa buɗe taga, don Allah."

A duk shekarun da ya yi a zauren, tambaya ɗaya tak Baba ya taɓa yi, kuma dab da kwanciyarsa ciwo ya yi ta. Wani ƙaramin kan sarki ne mai ruwan ƙasa, da hoton gada a kan kogi. An yage gefen da sunan ƙasar yake, hatimi kuma ya danne sauran. A cikin buhun da ake sayarwa a gauraye ya tsince shi. "Ba shi da wata daraja," ya rubuta, "amma ya tsaya mini a rai. Gadar nan wani ya auna ta, ina so in san a ina." 'Yan zauren sun ɗauki tambayar kamar bashin mutunci. Wannan ya kawo wata gada, wancan ya ce ƙafafunta sun yi yawa. Shafin hoto ya kasa. Daga ƙarshe Likitan Shanu ya ce ya rage ƙasashe biyu a zuciyarsa, kuma abin da zai raba gardama shi ne alamar da ake sakawa a cikin takardar, wadda ba a gani sai an ɗaga ta ga haske.

"Safiyo, ɗaga mana shi a taga ka ɗauko bayansa. Yau sai mun ga ƙarshen gadar nan."

Ta same shi cikin wata 'yar leda a aljihun tebur. Ta gwada kama shi da matsefatar da ke gefen fitila, ya suɓuce, ya faɗi ƙasa. Sai kawai ta tsince shi da yatsu biyu, ta ɗaga shi a taga, ta ɗauka da wayarta, ta ɗora. Alamar ta fito sarai. Har ta ji daɗin aikinta.

Yawanci amsa ba ta ɗaukar lokacin shan ruwa. Ranar shiru. Ana nuna mata mutane suna shigowa, suna gani, suna fita. Can wani sabon shiga ya rubuto, "Haba Safiyo, da hannu? Kai da ka hana ni?" Kafin ta gama karantawa an goge maganar.

Ta sake buɗe hoton. Ga babban yatsa da manuni, fata sumul, farce a yanke gajere irin na masu aikin asibiti. Kullum cikin kallon hannayen mutane take, har ƙashinsu, amma nata bai faɗo mata a ido ba. Kuma ba mai tara kan sarkin da zai ɗora gumin yatsa a kan takarda, balle mutumin da ya shekara yana yi wa sababbin shiga faɗa a kai.

Saƙo ya shigo ta gefe, daga Likitan Shanu.

"Mai riƙe da kan sarkin nan, sannu. Yaushe ne?"

Ta kashe kwamfutar daga bango.

Ta yi 'yan kwanaki ba ta zo gidan ba. Da ta dawo ta kunna, tana jiran ta tarar an rufe sunan, ko an yi mata kaca-kaca. Shafin ya buɗe kamar kullum. Likitan Shanu ya ƙara layi ɗaya kawai a ƙarƙashin tambayarsa: "Ba gaggawa. Sai iyali sun faɗa muke rufewa."

A fili kuwa ba wanda ya ce uffan game da hannun. Tambayoyi ne suka daina zuwa. A madadinsu, a ƙarƙashin hoton gadar, mutane suka fara rubuta wa Safiyo.

"Safiyo, ka tuna ranar da na jiƙa ambulan ɗin kakata don in ɓamɓare kan sarkin? Kowa ya yi shiru, kai ka biyo ni ka ce kai ma ka taɓa yi. Na gode."

"Tsoho, kundin da ka aiko wa 'yata yana nan. Ta cika shi."

Malamar Lissafi ta rubuta, "Sarauniyar ce, ba 'yarta ba. Kai ne da gaskiya, na ƙi faɗa ne kawai. Ka yafe."

Duk da shi suke magana, kai tsaye, kamar yana zaune. Kuma duk sun san ba ya nan. Da ta shigo, ɗigon ya kama, wasu suka yi masa sallama kamar yadda aka saba: barka da yamma, Safiyo, ya ƙarfin jiki. Sai ta ga kamar mutane ne tsaye a ƙofar gida, sun zo gaisuwa, ladabi ya hana su shiga sai an yi musu iso, ita kuma tana ciki ta jingina mamacin da bango tana ɗaga masa hannu.

Ta gwada rubuta amsa da muryarsa. Ta fara, ta goge. Tsiyar da take zuwa mata a sauƙaƙe ta ƙi zuwa. Duk abin da Safiyo zai ce yanzu, a gaban mutanen da suka riga suka yi masa ban kwana zai faɗe shi, kuma za su amsa, don ba za su kunyata ta ba. Za su ci gaba da amsawa har ranar da ta gaji.

Ta buɗe saƙon Likitan Shanu. Ta rubuta masa ranar rasuwar, da sunan ciwon, da cewa bai sha wahala sosai ba, ko da yake ya sha. A ƙasa ta sa: 'yarsa, ta ƙarshe.

Amsa ba ta jima ba. Ya yi mata ta'aziyya gajeriya, irin ta wanda ya saba yi. Ya ce abin da mahaifinta ya rubuta zai zauna, kowa zai iya karantawa, har ita. Ya ce alamar da ta ɗauko ta rushe ƙasashen nan biyu duka, don haka ba a san gadar ba har yanzu, kuma tambayar mamaci ba a rufe ta a zauren, ana barin ta ga duk wanda Allah ya ba sani. Sannan ya tambaya ko ta shirya a rufe sunan.

Ta ce e.

Shafin ya motsa, ya fitar da ita. Ya dawo da fuskar da yake nuna wa baƙi, da gurbi biyu, na suna da na kalmar sirri, babu komai a ciki.

Ta zauna kaɗan. Ana jin ƙarar ƙarfe daga tsakar gida, da rediyon maƙwabta. Ta tashi ta fita. Yaya yana tsugune bayan wani firji, ya cusa kai cikin injin, bayan rigarsa ya jiƙe.

"Yaya."

"Na'am. Kin gama, ko sai na kira motar shara?"

"Baba ya rasu."

Ya fito da kansa a hankali, ya buɗe baki zai yi mata tsiya, sai ya dubi fuskarta. Ya ajiye sukudireba a ƙasa. Ya goge hannunsa a wando, ya jawo benci da ƙafa.

"Zauna, Auta," ya ce.