Miyar Ranar Haihuwar Narae

Ƙamshin man riɗi ne ya tashi Narae daga barci, kuma tun kafin ta buɗe ido ta san abin da ke kan wuta. Miyar ganyen teku! Yau ta cika shekara sha takwas, amma ba ta faɗa wa kowa ba.

Watanta huɗu ke nan a wannan gida da ke saman shagon wanki a wani lungu na Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, inda ake karɓar samari da 'yan matan da iyayensu suka kora. Ita abin da ya fitar da ita, mahaifiyarta ce ta ga saƙonnin soyayya tsakaninta da wata yarinya 'yar ajinsu. Ko jakar makaranta ba a bari ta ɗauka ba. Tun tasowarta, ranar haihuwarta ba ta taɓa wucewa ba tare da kwanon miyar nan daga hannun mahaifiyarta ba. Shi ya sa bana ta ja bakinta ta yi gum, don kada wani ya tuna mata abin da ta rasa.

To, ta manta da Inna Pil-sun, mai kula da gidan. Tsohuwar nan ba ta taɓa aure ba balle haihuwa, amma duk takardar da yaro ya cike ranar shigowarsa, ta haddace ta tsaf.

"Zauna, 'yata," in ji Inna da Narae ta shigo kicin. "Tun asuba naman nan yake dahuwa."

Ba ta kai ga ɗaukar cokali ba sai ga Duri ya faɗo, gashi a hargitse. Duri shi ne wanda aka raina a matsayin 'ya mace, aka kore shi don ya ce shi namiji ne ba mace ba. Ya fi kowa daɗewa a gidan, kuma ya fi kowa baki.

"Inna! Halaka ta za ki yi? Yau fa jarrabawarta!"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Inna. Kash! Jarrabawar waɗanda suka bar makaranta ce, ƙarfe tara, wadda Narae ta yi wata uku tana ƙona ido a kanta. Kuma a ƙasar nan kowa ya san ba a shan wannan miya ranar jarrabawa. Abu mai santsi kamar kuɓewa? Ai sai mutum ya zame ya faɗi.

"Camfi ne kawai," Inna ta ce, amma muryarta ba ƙarfi.

"Camfi? Ni da na sha bara, ina sakamakona?"

"Kai ai ko dutse ka haɗiya sai ka faɗi. Littafi ɗaya ka buɗe?"

Sauran yaran gidan da hayaniya ta tashe su suka kwashe da dariya, nan take kuma gida ya rabu biyu. Wata ta ce a ajiye miyar sai yamma. Inna ta ce a gidan wa aka taɓa shan miyar ranar haihuwa da yamma? Wani ya ce a jefa alewa mai danƙo a ciki, danƙo ya kashe santsi. Inna ta nuna shi da ludayi ta ce ya taɓa mata tukunya ya gani.

Narae tana cikin dariya sai hawaye suka zubo, ta kasa tsayar da su.

"Jarrabawar nan ina son in ci ta," ta ce. "Miyar ma ina so. Amma ai ba don ni ake dafa ta ba. Abincin mai jego ne, ana ba ka ne don ka tuna wadda ta sha wahalar haihuwarka. Ni kuwa tawa ta ce ba ta haife ni ba."



Inna ta dube ta, ta dubi kwanon. Sai ta ɗauke shi, ta zauna daɓas a ƙasa ta jingina da bango, ta saki wani nishi mai ban tausayi.

"Wash! Ku kawo min matashi da bargo. Bayana zai ɓalle."

"Inna, lafiya?" Duri ya tambaya a tsorace.

"Ina lafiya ga wadda ta haifi ƙatuwar yarinya mai shekara sha takwas da sassafen nan? Ni ce mai jego, ni zan sha. Jaririya ba ta shan miya."

Gidan ya kaure da ihu. Aka lulluɓe ta da bargo, ana ta yi mata barka da arziki, ita kuwa tana kurɓar miya tana ƙorafin cewa jaririyar ta cika nauyi. Duri ya cusa wa Narae alewa mai danƙo a baki don amsoshi su manne mata, ya rataya mata jaka, ya tura ta bakin ƙofa.

"Ke!" Inna ta ɗaga murya daga cikin bargo. "Kina gamawa ki dawo gida. Kar in ji kin tsaya yawo."

Narae ta juyo, alewa ta liƙe mata haƙora, da ƙyar ta iya buɗe baki.

"To, Mama."

Inna ta sunkuyar da kai cikin kwanon, ta ce wa Duri ya buɗe taga, tururin miyar nan yana shiga mata ido.