Ƙwayar da Ke Tafin Hannun Farfesa

Wata da watanni ina gadin tanderun ɗakin gwaji kafin ƙwayar nan ta fito. Ba ta fi ƙwayar gero ba, baƙa mai sheƙi, haɗin ƙarfe ce. Kowa ya san ƙarfe da bin maganaɗisu, amma ita idan sanyi ya kai mata iya wuya sai ta ture shi, wutar lantarki kuma ta bi ta cikinta ba turjiya. Abin da nake son nunawa ke nan, kuma digirina gaba ɗaya a kanta ya rataya. Matsalarta ɗaya: iska na kashe ta. Shi ya sa take zaune a akwatin gilashi mai safar hannu, inda ko numfashi ba ya shiga.

Ranar da layina ya zo a injin sanyaya da zan auna ta a ciki, na shigo na tarar da kwalbarta a kan tebur, a buɗe.

"Wa ya taɓa min wannan?" na tambayi Dogo, abokin aikina.

Ya hau sosa ƙeya. "Farfesa ne. Baƙi suka zo jiya, suka ce suna son ganin abin da ido."

Raina ya ɓaci. Na wuce ofishin Farfesa, mai duba aikina, na shiga ban ƙwanƙwasa ƙofa ba.

"Ranka ya daɗe, kai ka koya mana iska na lalata ta!"

"Haba 'yata, ɗan lokaci ne fa. Kin san yadda suka yaba kuwa? Har tafi suka yi."

"Tafin zan auna?"

Ya gyara gilashinsa. "Idan ta lalace sai ki sake wata. Hannunki ya riga ya faɗa."

Ka ji fa, kamar shayi zan sake dafawa! Mutumin da rabonsa da kusantar tanderu tun ina makarantar firamare.

Duk da ta riga ta yi toka-toka, na saka ta a injin. Sanyi ya yi ta ƙaruwa ina zuba wa allon kwamfuta ido, ina jiran layin turjiya ya faɗi ƙasa. Ya miƙe abinsa har ƙarshe, kamar na tsohuwar ƙusa.

Da zan fita na ga an manna sabon hoto a bangon sashe. Farfesa ne da baƙinsa suna dariya, ƙwayata tana sheƙi a tafin hannunsa. Ni ko hotonta ban taɓa ɗauka ba, don ban yarda in fito da ita ba.