Wasiƙu Talatin da Sunan Makiyaya

A shekarar 1956, Ishaƙ yana da rumfa a kasuwar Gumel, inda yake rubuta wa mutane wasiƙa. Wata rana wani attajirin gyaɗa ya sa shi rubuta wasiƙu talatin da sunayen makiyayan Maigatari, wai su ke roƙon hukuma ta mai da burtalinsu, wato hanyar shanunsu, gonaki. Ishaƙ ya san ƙarya ce, amma ya rubuta, barorin attajirin suka dangwala yatsu.

Da damina ta faɗi aka nome burtalin. Sai ga wani dattijon makiyayi, Sajo, ya zo rumfar Ishaƙ.

"Malam, rubuta mana kukanmu. Wallahi ba wanda ya tambaye mu."

Ishaƙ ya rubuta. Amsar hukuma ta zo cewa ai jama'a sun riga sun yi magana. Kafin kaka Sajo ya kora shanunsa Damagaram, bai sake dawowa ba.