Jar Kibiya Tsakanin Sito da Kanti

Injiniya ce ta sa ni bin ofis-ofis ina tambayar kowa, kwamfutarka da wacce take magana? Abin da na samo sai in zana a farin allon ɗakin taro. Kowace na'ura akwati, duk inda bayani ke wucewa kibiya. In waya ko intanet ke kai shi, sai in ja kibiyar da baƙar maka, wato alƙalamin allo. In mutum ne ke ɗauka da hannu, ja. Ja kuwa kowa ya sani, sabon tsarin da za a kawo zai cinye aikin.

Da na shiga sito na durƙusa bayan tebur ina bin wayoyi, ban ga wadda ta nufi kwamfutar kanti ba. Mai sito ya yi dariya, ya ce in daina wahalar da gwiwata, wayar tana waje tana shan shayi. Kawuna yake nufi. Shi ke kwafe bayanan kaya a ɗan filas na kwamfuta kullum da safe, ya hau bene ya zuba a ta kanti. Aikinsa ke nan tun ina firamare, kuma shi ya roƙa aka ɗauke ni.

A kan allon na bar tsakanin sito da kanti fayau, ba kibiya. Injiniya ta lura, ta ce in taswirar ta yi ƙarya, ranar sauya tsari kanti zai riƙa sayar da kayan da babu. Na ce ina kan dubawa.

Da rana Kawu ya leƙo. Ya daɗe gaban allon, yana tsokanata wai na zama mai zanen gini. Sai yatsansa ya tsaya a wurin da ba komai.

"'Yata, baƙar ma ai tana rubutu," ya ce a hankali. "Wa zai durƙusa bayan teburin nan in ba ke ba? Ƙannenki duk suna makaranta."

Na kasa ɗago kai har ya fita.

Na buɗe baƙar, na rufe. Da jar na ja layin, ya fito a karkace. Injiniya ta shigo, ta tambayi sunan mai ɗaukar, na faɗa. Ta ɗan dube ni, sannan ta ɗauki hoton allon ta tura wa manaja.

Da aka tashi Kawu ya tayar da babur bai jira ni ba.