Shatin Yatsu a Kafaɗar Kwalisa

Ina tsakiyar yi wa Kwalisa kitso na ga jini a bakin matsefata. Ban ja da ƙarfi ba, duk da yaran layinmu suna cewa hannuna kamar filaya yake. Kwalisa 'yar wani tela maƙwabcina ce, shekararta bakwai, sati uku ke nan da ta warke daga wani zazzaɓi mai mura.

"Inna mai kitso, ba zafi," ta ce, tana murmushi. Dasashinta ma jini ne.

Washegari uwarta ta kira ni ɗakinsu, ta janye wuyan rigar yarinyar. Shatin yatsu huɗu ne a kafaɗa, baƙi wuluk, babban yatsa ta baya.

"Yaya, dubi nan. Wani abu ne ke riƙe min ita."

Da ta fita ɗebo ruwa sai na ɗora hannuna a kan shatin. Ya zauna daram. Haka nake dafa yara idan suna mutsu-mutsu. Tsoro ya kama ni, don na san idan aka ce maka maye a layin nan ba ka sake wankuwa. Na ja bakina na yi shiru.

Kwana biyu mata suna danne ta suna murza mata magani. Kowace safiya sababbin hannaye ke fitowa, a damtse, a baya, a cinya. Zazzaɓi ya dawo, idanunta suka kaɗa jawur, leɓunanta suka tsage. Sai da haɓo ya ƙi tsayawa tela ya saɓe ta zuwa asibiti.

Likita ta ce ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun kusa ƙarewa a jikinta. Cutar farko ta tafi, amma garkuwar jikin ba ta daina faɗa ba, ta juyo kan yarinyar.

"Ko dafa ta aka yi shati zai fito," in ji ta. "Yaushe kuka fara gani?"

Ni da na biyo su na kau da kaina, uwar kuwa ta shiga gyara wa yarinyar mayafi.

Rana ta huɗu da kai ta asibiti, da hantsi, Kwalisa ta cika. Ina zaune a bencin barandar asibitin uwar ta fito ta zauna kusa da ni. Na kasa riƙe abin.

"Na kafaɗar nan hannuna ne. Na gwada. Da na faɗa tun ranar..."

Ta kama wuyan hannuna ta matse.

"Na sani, Yaya. Na ganki ta taga. Na cinyar nawa ne. Ni ma na gwada, na yi shiru."

Ta sake ni. Muka sunkuya muna kallon gurbin yatsunta a fatata, yana cikowa a hankali har ya ɓace.