Yatsa Na Goma

A bakin titin Ƙofar Sauri, gefen shagon Malam Sammani mai wankin hula, huluna sun fi sittin kife a kan gumagumansu na katako, an jera su a rana sahu-sahu kamar jama'ar da aka kira taro aka manta da su. Kawuna ba fuska. Umair ya daɗe da daina kallonsu. Abin da yake kallo yanzu shi ne hannunsa.

Ya ɗaga babban yatsansa ya kara da hasken rana. Zanen nan da Allah ya yi wa kowa nasa daban, wanda a da yake murɗe kamar ɗinkin tsakiyar hula, ya fara shafewa. Fatar ta yi sumul tana ƙyalli, gefenta na saɓa.

"Kai, duba kake yi ko wanki?" in ji mahaifinsa, Malam Sammani, bai ko ɗago daga kan dutsen guga ba.

"Baba, zanen yatsuna yana tafiya."

"Ya tahi ina?"

"Omo da bilic ke cinye shi. Ranar jarrabawa sai na'ura ta duba yatsa. In ba ta gane mutum ba, ba shiga."

Malam Sammani ya hura garwashin dutsen guga, toka ta tashi ta sauka a gemunsa. Ya ajiye, ya buɗe tafukansa biyu. Sun yi santsi kamar bayan ƙwarya.

"Ka ga waɗannan? Shekara talatin da ɗaya a cikin ruwa. Ko layi guda babu. Ranar da na je yin katin ɗan ƙasa sai da yarinyar da ke ɗaukar yatsa ta gaji ta ce in tashi. To na mutu? Ga ni nan ina cin tuwo."

"Ai kai ba jami'a za ka ba."

"Ni ma ban ce ba. Ɗauki buroshi."

Ya ɗauka. Magana da Baba kamar zuba ruwa a kwando ne, sai dai shi kwando ba ya mayar da amsa.

Bara Umair ya zauna jarrabawar shiga jami'a. Makinsa ya isa a ba shi wani fannin, bai isa likitanci ba. Ya ce ba ya so. Mahaifinsa ya yi kwana uku bai tanka masa ba, ran na huɗu ya yanke hukunci a taƙaice: a sake gwadawa sau ɗaya tak. In an dace, to. In ba a dace ba, ga baho ga buroshi, sana'a ba ta kashe kowa ba. Kafin azumi Umair ya je ya yi rajista, aka ɗauki zanen yatsunsa goma cif. A lokacin kasuwa ta yi sanyi, hannunsa lafiya lau. Sai ga takarda ta fito: jarrabawar ta faɗo kwana goma sha ɗaya bayan ƙaramar Sallah. Kuma duk mai wankin hula ya san goman ƙarshe na azumi. A cikinta ne duk wani namiji a Katsina yake tuna yana da kai.

Suna zuwa da su a leda, a buhu, a ƙarƙashin kujerar babur. Zanna, damanga, ƙube, har da wadda maiƙo ya mayar da bakinta kamar gindin tukunya. Kowa kuma tasa ce ta gaggawa. Umair yakan yi karatunsa daga sallar asuba zuwa fitowar rana, daga nan sai ya jingina littafin ilmin halittu a jikin gungume, yana dirza yana satar kallo. Shafin da ke bayanin zuciya ƙaro ya ɗiga masa, ya manne da na huhu har abada.

Ran ashirin da biyu ga azumi ya biya ta kemis ya sayo safar hannu, irin farar nan ta asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya zura, ya zauna gaban baho kamar ba komai.

Alhaji Audu, mai shadda a Babbar Kasuwa, shi ya fara gani. Ya tsaya da ledar hulunansa, ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Malam Sammani, tiyata za a yi wa hular tawa? Likita, a yi mata allurar barci tukuna, tsohuwa ce!"

Masu jira a benci suka kwashe da dariya duk da ƙishin azumi. Wani ɗan acaba ya ce a duba masa hawan jini tunda an zo. Umair bai ɗago ba. Ya ci gaba da dirza.

"Cire abin nan," in ji mahaifinsa bayan sun watse.

"Baba, rigakafi ya fi magani."

"Likitancin ya fara ke nan? Hula da fata ake jin ta. In zare ya tashi, ta ina za ka sani? Roba ce za ta gaya maka?"

Bai cire ba. Kafin azahar buroshi ya kama zaren wata damanga ya ja shi kusan taƙi guda, shi kuwa bai ji ba. Malam Sammani ya ɗaga hular, ya dube ta, ya dubi ɗansa. Ya ɗauko allura ya zauna gyara. Hakan ya fi zagi ciwo. Ita ma safar a lokacin ta riga ta yage a yatsa uku, ruwan omo ya taru a ciki yana cin fatar fiye da da. Umair ya tuɓe ta ya jefa a kwata.

Kwana biyu bayan haka wata sabuwa ta faru. Ya tura hannun hagu cikin wata hula zai juya ta, ashe mai ita ya soke reza a cikin naɗin, irin yadda tsofaffi ke ajiya don yankan farce. Ta tsaga masa ƙaramin yatsa ta gefe, daidai gaɓar tsakiya. Jini ya ɗiga a baho ya bazu cikin kumfa.

Abin kunya, farin ciki ne ya fara zo masa kafin zafi. Yau dai an huta.

Malam Sammani ya kama hannun ya jujjuya. Ya wanke ciwon, ya yago ƙyalle mai tsabta ya naɗe yatsan tun daga tushe har kai. Ya ɗauki ledar ruwan sanyi ya zura masa kamar hula, ya ɗaure gindin da zare tamau.

"Shi ke nan. Ruwa ba ya shiga. Koma."

"Baba, yanka ne fa."

"Na gani. Saura tara."

Umair ya dubi titi. Ya ji kamar ya tashi ya miƙe, ya wuce ƙofar gari, ya yi ta tafiya har inda ba a san hula ba. Sai ya ja baho ya koma.

Daga ranar, kullum da safe kafin a taɓa ruwa, sai Malam Sammani ya ce, "Kawo hannun." Ya sake ƙyalle, ya sake leda, ya ɗaure. Da yamma ya kwance. Ran kwana na biyar ciwon ya kame, ya zama ɗan baƙin layi.

"Ya warke, Baba. Ledar nan hana ni riƙe hula take yi."

"Kai ka ɗaure?"

"A'a."

"To wanda ya ɗaure shi zai ce ya warke. Kawo."

Haka ya ƙarasa aikin Sallah da yatsa guda a miƙe cikin leda, kamar mai shan shayin 'yan gayu. 'Yan benci suka samu abin yi. Har jajibiri ana tambayarsa jikin mara lafiya.

Bayan Sallah aiki ya lafa, amma ɓarna ta riga ta auku. Yatsun suka bushe, suka tsattsage, fata na fita kamar ɓawon albasa. Mahaifiyarsa, Inna Dije, ta kawo man kaɗanya ta ce ya shafa safe da yamma. Da ta ga kwana huɗu ba canji sai ta ce a kwaɓa masa lalle, shi ke kama fata.

"Inna, lalle ai shi ne babban abin da na'urar ba ta so. 'Yan mata nawa aka tsayar bara saboda shi?"

"To ita wannan na'ura me take so a duniya?"

"Yaya, ka tafi da Baba mana," in ji ƙanwarsa Lailatu daga bakin murhu. "In ta ƙi ka, sai ya ce mata shi ma ba shi da zanen kuma bai mutu ba."

Ya tashi ya bar musu tsakar gidan.

Ranar jarrabawa tun ƙarfe shida da rabi yana cibiyar, can kan hanyar Batagarawa. Layi ya miƙe har bakin titi. Kowa da takardarsa a hannu, wasu na motsa baki da addu'a, wasu da lissafi. A bakin ƙofar zauren wata mata mai tabarau ke zaune da kwamfuta da ɗan akwatin gilashi. Mutum ya ɗora yatsa, kore ya kawo, ya wuce. Ba ya ɗaukar ko numfashi uku.

Da aka zo kansa ya miƙa takarda, ya ɗora babban yatsan dama.

Ja.

"Goge a rigarka." Ya goge. Ja.

"Shafa a goshi, ya ɗan samu maiƙo." Ya shafa. Ja.

"Kawo na kusa da shi."

Ja. Na tsakiya, ja. Ta bi hannun dama ɗaya bayan ɗaya har ya ƙare. Layin baya ya fara tsaki. Wani ya ce, "Malam, in ba kai ba ne ka ba mutane wuri mana." Matar ta kama hannunsa ta juya, ta sauke tabarau ta duba da kyau.

"Wane aiki kake yi haka?"

"Wankin hula."

"Kai ma dai. Ba a gaya muku ku kula da hannu ba?"

Ya janye hannunsa.

"Ka san doka," ta ce, muryarta ta ɗan sauko. "Hotonka ne, na gani. Amma in ba ta karɓa ba, ba ni da ikon shigar da kai. Kawo hagu."

Babban yatsa, ja. Na biyu, ja. Na uku. Ta cikin taga yana hango waɗanda suka shiga, kowa ya zauna gaban kwamfutarsa. Shekara guda ta asuba. Shafin zuciya da ya manne da na huhu. Ya ji warin bilic a hancinsa, alhali ba bilic a wurin. Na huɗu, ja.

Saura ɗaya. Ya dube shi. Ya fi sauran haske, ya yi laushi kamar na jariri, ga ɗan baƙin layi a gefe. A kansa kuwa zane ne kwance, murɗe, ko zare ɗaya bai tashi ba.

Ya ɗora.

Na'urar ta yi shiru kamar mai tunani. Sai kore.

"Wuce," in ji matar. "Ka riƙe wannan da kyau, shi kaɗai ya san ka."

A ciki, tambaya ta goma sha bakwai a ilmin halittu a kan fatar ɗan Adam ce, wane sashe ne ke sabunta kansa. Ya ɗan yi huci ta hanci har na kusa da shi ya waiwayo. Ya danna amsa ya wuce.

Da la'asar ya iso shago. Malam Sammani na zaune gaban baho da kansa, hulunan wani ango a gabansa, ya naɗe hannun riga. Umair ya yi sallama, ya gaishe shi, ya tsuguna.

"An yi?"

"An yi."

"Injin ya gane ka?"

"Da yatsa ɗaya."

"Wanne?"

Ya ɗaga masa. Malam Sammani ya dubi yatsan ɗan lokaci, ya mayar da kai ga hular da ke hannunsa, ya ci gaba da dirza.

"Baba."

"Mi?"

"Da ka yi ta ɗaure shi bayan ya warke. Ka sani ne?"

"Na san mi? Ciwo na gani na ɗaure. Ni likita ne?"

Umair ya jira ko za a ƙara wani abu. Ba a ƙara ba. Babura na wucewa, inuwar gumagumai ta miƙe har bakin kwata. Ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa hannu zai jawo ɗaya bahon.

Ƙafar mahaifinsa ta riga shi. Ta tura bahon gefe, ruwa ya ɗan fallatsa a ƙasa.

"In sakamako ya yi kyau, can jami'ar ma sai sun sake duba yatsa?"

"Wataƙila. Ana tantancewa."

"To tashi daga nan. Ga guga can, garwashi na mutuwa." Ya matse hular, ya kifa ta a gungume, ya daidaita bakinta da tafinsa mai santsi. "Kuma ka riƙe da tsumma. Kada ka ƙone mana yatsan nan, shi ke nan gare mu."